Gaskiya a Ƙofar Shiga: Abin da Za Mu Gaya wa Iyayenmu Kafin Su Iso Malesiya

Duk shekara idan lokacin bukukuwan yaye ɗalibai ya gabato a jami'o'in Malesiya, daga Gombak zuwa Serdang, daga Skudai zuwa Sintok, iyaye da 'yan uwa sukan fara haramar tahowa domin su shaida ranar da aka daɗe ana jira. Da yawa daga cikinsu ma'aikata ne da suka ajiye aiki ko suke gab da ajiyewa, kuma wasunsu ba bikin kaɗai ke kawo su ba. Sun ji labarin ƙasar Musulmi mai zaman lafiya, wadda wutar lantarki ba ta ɗaukewa, asibiti yana aiki, abinci halal ne, kiran salla yana tashi a kowace unguwa, sun kuma ji cewa tana ba baƙi izinin zama bayan ritaya. Suna so su zo su gani da idonsu, tun da gani ya kori ji. Saboda haka tambaya ɗaya ta yi ta maimaituwa a tsakanin membobin ƙungiyarmu a watannin nan: idan jami'in shige da fice ya tambayi Baba abin da ya kawo shi, me zai ce? Ya ambaci zancen ritaya, ko ya ɓoye?

Matsayin wannan mujalla a kan batun a bayyane yake. Baba ya faɗi gaskiya, ya amsa abin da aka tambaye shi, ya taƙaita, kuma kowace kalma da ta fito daga bakinsa ta kasance akwai takarda a hannunsa da ke gaskata ta. Wannan amsa tana da sauƙin faɗi, amma tana buƙatar bayani, domin waɗanda ke ba da akasin wannan shawara ba wawaye ba ne, suna da hujjojinsu, kuma ya kamata a saurare su kafin a ƙi su.

Mu fara da abin da ake nema ɗin. Shirin da mutane ke kira bizar ritaya shi ne Malaysia My Second Home, wanda aka fi sani da MM2H, ma'ana Malesiya gidana na biyu. An ƙaddamar da shi a 2002, ya maye gurbin wani shiri na tsofaffi da aka fara a 1996. Shekaru da dama ya kasance mai sauƙin sharuɗɗa: wanda ya kai shekara 50 yana ajiye ringgit 150,000 a banki, ya nuna yana da kuɗin shiga na ringgit 10,000 a wata, a ba shi izinin zama na shekara goma. An dakatar da shirin a 2020, lokacin annobar korona, da aka dawo da shi a 2021 sai aka ɗaga ajiyar zuwa ringgit miliyan ɗaya, kuɗin shiga kuma zuwa ringgit 40,000 a wata. A tsarin da aka bayyana a watan Yunin 2024 an kasa shi hawa uku. Hawa na ƙasa yana buƙatar ajiyar dala 150,000 da sayen gida na aƙalla ringgit 600,000, a sami izinin shekara biyar da ake iya sabuntawa. Na tsakiya dala 500,000 ne da gidan ringgit miliyan ɗaya, shekara 15. Na sama dala miliyan ɗaya da gidan ringgit miliyan biyu, shekara 20. Ana nema ne ta hannun wakilai masu lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido, ana binciken lafiya da na tsaro, ana kuma neman shaidar kyakkyawan hali daga ƙasar mutum. Jihar Sarawak tana da nata tsarin daban. Sharuɗɗan sun sauya sau da yawa cikin shekara biyar, don haka wanda ke da niyya ya tabbatar da na yau daga hukuma kafin ya motsa ko kwabo.

Abu biyu ne ya kamata a riƙe daga wannan bayani. Na farko, shiri ne na gwamnati wanda ita da kanta take tallatawa, saboda haka sha'awar shigarsa ba laifi ba ne da za a yi ta ɓoyo. Na biyu, ba a filin jirgi ake bayar da shi ba, kuma miƙa takardar nema ba ta ƙara wa baƙo ko kwana ɗaya a kan izinin ziyarar da aka buga masa. Wanda ya zo dubawa baƙo ne kamar kowane baƙo, kuma a kan baƙuntar za a yi masa tambaya.

A nan ne da yawa daga cikin iyayenmu suke yin kuskuren fahimta. Suna ɗauka cewa tun da an ba su biza daga Abuja, an gama. Biza izini ne na isowa bakin ƙofa. Izinin shiga kuwa jami'in da ke zaune a kantar filin jirgin KLIA da ke Sepang ne yake bayarwa, shi ne kuma yake ƙayyade kwanakin da za a zauna. Dokar Shige da Fice ta 1959/63 ta lissafa, a sashe na 8, mutanen da aka haramta wa shiga, cikinsu har da wanda ya kasa nuna cewa yana da abin da zai riƙe kansa, kuma ta ɗora nauyin kawo hujja a wuyan matafiyi. Sashe na 56 ya mayar da ba da bayanin ƙarya domin samun izini laifi. Wanda bai gamsar da jami'i ba ana iya ba shi takardar hana sauka, a ajiye shi a ɗakin jira har a samu jirgin da zai mayar da shi inda ya fito. Ana ɗaukar hoton yatsu a wurin shiga, abin da aka rubuta a kan mutum kuma yana nan ajiye a kwamfuta. Dattijon da aka mayar yau saboda maganarsa ta saɓa wa takardunsa, gobe idan ya nemi MM2H wannan tarihi ne zai fara tarar sa a teburin binciken tsaro.

Tambayoyin kansu ba su da yawa, kuma ba su da wani sirri. Me ya kawo ka? Kwana nawa za ka yi? A ina za ka sauka? Wa ka sani a nan? Da me za ka ciyar da kanka? Ina tikitin komawa? Duka manufarsu ɗaya ce: jami'in yana so ya gamsu cewa mutumin nan zai yi abin da izininsa ya yarda da shi, ya kuma tafi idan kwanakinsa suka cika. Yana da mintuna kaɗan da dogon layi a gabansa, don haka abin da yake aunawa shi ne daidaito. Tun daga ƙarshen 2023 ana cike katin isowa ta intanet cikin kwana uku kafin a sauka, ana rubuta adireshin masauki da ranar tafiya. Idan katin ya ce otal a Bukit Bintang, wasiƙar gayyata ta ce gidan ɗa a Seri Kembangan, Baba kuma ya ce wajen wani abokinsa zai sauka, to ko da babu mugun nufi a ko ɗaya, an riga an ba jami'i dalilin shakka.

To ina zancen ritaya ya shiga? Masu zuwa iri uku ne, kuma kowanne da amsar da ta dace da shi.

Na farko shi ne wanda ya zo bikin yaye ɗansa, ko ziyara, ko ganin likita, yana kuma so ya duba ƙasar ya auna ko za ta zaunu. Wannan ziyara ce ta kawo shi, kuma idan ya ce ziyara gaskiya ya faɗa. Ba dole ba ne ya zayyana wa jami'i duk abin da zuciyarsa ke saƙawa game da shekaru masu zuwa, kamar yadda mai sayen yadi a Kantin Kwari ba ya fara ba mai shago labarin auren da za a yi baɗi. Ya ce: na zo bikin kammala karatun ɗana a jami'a kaza, zan yi kwana goma sha huɗu, zan sauka a gidansa, ga wasiƙar jami'a, ga tikitin komawa. Amma idan jami'i ya tambaye shi kai tsaye ko yana da niyyar zama, kada ya musanta abin da ke ransa. Ya ce: a wannan zuwan a'a, ranar kaza zan koma, ina dai nazarin shirin MM2H, idan na ga ya dace da ni zan nema ta hannun wakili mai lasisi. Babu abin da ke cikin wannan amsa da ya saɓa wa doka.

Na biyu shi ne wanda ya riga ya nema, an ba shi wasiƙar amincewa ta sharaɗi, ya zo domin ya buɗe asusun ajiya, ya yi gwajin lafiya, a buga masa izini a fasfo. Wannan dalilin zuwansa ke nan, shi zai faɗa, wasiƙar kuma ita zai fara miƙawa. Idan ya ce yawon buɗe ido alhali jakarsa cike take da takardun banki da na wakili, ya ƙirƙiro wa kansa matsala a inda babu ita.

Na uku shi ne wanda ya sayar da gida da fili, ya yi sallama da dangi, ya taho da niyyar ya shiga tukuna, sauran Allah zai kawo mafita. Ba ya da kuɗin MM2H, ya kuma san ba ya da su. Wannan babu wata amsa ta gaskiya da za ta shigar da shi, kuma taimakon da za mu yi masa shi ne mu gaya masa haka tun yana gida. Idan ya shige da ƙarya, abin da ke jiransa shi ne wuce wa'adi, wanda laifi ne da ke jawo tara ko ɗauri, da tsarewa, da kora, da hana dawowa. Tsufa a ɓoye, cikin fargabar samame, ba tare da ikon zuwa asibiti da gaba gaɗi ba, ya fi duk wahalar da ya gudo mata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kuskure biyu ne suka fi kayar da mutanenmu a wannan kanta. Ɗaya shi ne ƙaryar da wani ya koya musu. Akwai ejan-ejan a Kano da Abuja da Legas, har da wasu a nan Kuala Lumpur, da suke haɗa wa mutum takardar otal da ba a biya ba da tikitin komawa da za a soke da zarar jirgi ya tashi, su kuma haddatar da shi amsoshi. Jami'i yana iya ɗaga waya ya kira otal ɗin, yana iya duba lambar tikiti. Tambaya ta uku ko ta huɗu takan fita daga abin da aka haddace, daga nan sai inda-inda, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Ɗayan kuskuren shi ne yawan magana. Dattijon da ya saba a saurare shi a majalisa, an tambaye shi kwana nawa zai yi, sai ya ce sai yadda hali ya yi, ƙila wata ɗaya ƙila ya zarce, ai ƙasarmu ta lalace, in ya samu wuri ma zama zai yi. A wurinmu wannan hira ce da tawali'u ga ƙaddara. A kunnen jami'i kuwa furuci ne na wanda ba shi da ranar tafiya. Baki shi ke yanka wuya. A ce in sha Allahu, sannan a faɗi ranar.

Masu sukar wannan shawara za su ce: kun yi magana kamar gaskiya tana wadatarwa, alhali mun ga masu gaskiya da cikakkun takardu an tsare su awanni, wasu an mayar da su, ba don komai ba sai don launin fasfonsu. Za su ƙara da cewa ita kanta kantar ba tsarkakakkiya ba ce. Wannan suka tana da tushe. A ƙarshen Yunin 2023 ministan yawon buɗe ido na Malesiya, Tiong King Sing, ya je KLIA da kansa a kan batun wata 'yar ƙasar Sin da aka hana shiga, ya kuma fito fili ya yi zargin cewa ana neman kuɗi a hannun matafiya kafin a sake su. A 2024 hukumar yaƙi da cin hanci ta ƙasar ta kama jami'an shige da fice da dama bisa zargin haɗa baki da dillalai ana shigar da baƙi ta kantocin da aka shirya. Mu kuma ba mu manta da watan Yulin 2019 ba, lokacin da wani ɗan Najeriya mai karatun digiri na uku, wanda izinin karatunsa bai ƙare ba, ya rasu a wurin tsare baƙi na Bukit Jalil kwanaki kaɗan bayan an kama shi a wani samame. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan da baƙar fata da koren fasfo ya san irin kallon da ake yi masa wani lokaci, ya san tallan gidan haya da ke cewa ba a son 'yan Afirka.

Amma idan aka bi wannan hujja zuwa ƙarshenta, gaskiya take ƙarfafawa. Wanda aka fi tsananta wa bincike shi ne ƙaryarsa ta fi saurin tonuwa. Mai gaskiya da aka zalunta yana da abin da zai tsaya a kai: ɗansa zai iya kiran ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa, a iya sanar da Ofishin Jakadancin Najeriya, a iya rubuta koke, kuma takardunsa za su yi magana a madadinsa. Wanda aka kama da takardar bogi ba wanda zai iya buɗe baki dominsa. Shi kuwa wanda ya biya dillali domin a shirya masa kanta, ya sani cewa ranar da aka kama jami'in, jerin waɗanda ya shigar ne za a fara bi. Gaskiya ba ta lamunce wa kowa shiga ba, amma ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Akwai kuma abin da ya wuce maslahar mutum ɗaya. Jami'in da ke kanta bai san Kano daga Fatakwal ba, bai san farfesa daga ɗan damfara ba. Abin da ya sani shi ne abin da masu irin wannan fasfo suka yi kafin kai. Kowace ƙarya da aka kama tana zama ƙarin tambaya ga na baya, ƙarin sharaɗi ga ɗalibin da ke jiran takardar amincewa daga EMGS, ƙarin jinkiri ga matar da ke son biyo mijinta. Wake ɗaya ke ɓata gari. Tsananin da muke kuka da shi yau, wani ɓangarensa wariya ce da ba mu jawo ba, wani ɓangaren kuma bashi ne da wasunmu suka ci muke biya.

Kakanninmu sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro fasfo. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro, idan suka isa Salaga ko wani zango, ba sa shiga kasuwa kai tsaye. Sukan sauka wurin mai masauki, su gaya masa daga inda suke, abin da suka kawo, da lokacin da ayari zai juya. Shi ne zai tsaya musu a gaban masu gari, ya lamunce su a ciniki, kuma idan baƙonsa ya ci amana sunansa ne ya ɓaci. Da wannan tsari Hausawa suka kafa zangogi daga Kumasi zuwa Ibadan, aka riƙa ba su bashi da kalmar baki. Wasiƙar gayyatar da kake rubuta wa kawunka yau ita ce lamunin mai masauki, da sunanka da lambar fasfonka da izinin karatunka a jiki. Malaman fikihu kuma sun daɗe da bayyana cewa wanda ya shiga ƙasar wasu bisa aminci, wajibi ne ya cika sharaɗin da aka shigar da shi a kansa. Mun kuma ga ɗaya fuskar a tarihinmu: waɗanda suka je aikin hajji ko umara suka ƙi dawowa, da yadda zaman takari ya mayar da dattawa masu mutunci abin farauta a titunan Jidda da Makka, ya kuma jawo wa alhazan baya tsauraran sharuɗɗa.

Nauyin shirya iyayenmu a kanmu yake, mu da muka san hanyar. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana aiki, ya saba a miƙe masa idan ya shigo, zai tsaya gaban yarinyar da ba ta kai 'yarsa ta uku ba tana yi masa tambaya cikin Turancin da kunnensa bai saba da shi ba, bayan tafiyar kusan kwana guda ta Adis Ababa ko Doha. A gaya masa tun daga gida cewa tambayar aiki ce, ba raini ba, kuma fushi ba ya buɗe wannan ƙofa. A haɗa masa komai cikin jaka ɗaya da zai riƙe a hannu: fasfo mai sauran aƙalla wata shida, biza, katin rigakafin shawara, shaidar katin isowa, tikitin komawa na gaske, wasiƙar gayyata mai adireshi da lambar waya, kwafin fasfo da izinin karatun mai gayyata, wasiƙar jami'a ko ta asibiti, da shaidar kuɗin guzuri. Kuɗin hannu idan ya haura kimanin dala 10,000 a bayyana shi ga kwastan. Magungunan hawan jini da na sukari da na ciwon gaɓoɓi su zo cikin kwalinsu tare da takardar likita, domin dokar ƙwayoyi a nan ba ta wasa. Hajiyar da ba ta jin Turanci a rubuta mata taƙaitaccen bayani ta miƙa. Kada wani ya karɓi saƙon da bai ga cikinsa ba, ko daga wa ya fito. Kai kuma mai tarya ka kasance a zauren isowa tun kafin jirgi ya sauka, wayarka a buɗe, fasfonka a aljihu, domin ana iya kiran ka.

Sai dai wannan mujalla ta siyasar gida ce, kuma ba za mu rufe batun a kan jakar takardu ba. Dole mu tambayi kanmu abin da ya sa mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyarwa a Zariya ko yana aikin jinya a Katsina yake mafarkin ƙarasa rayuwarsa a ƙasar da ba ya jin harshenta, nesa da jikokinsa da maƙabartar iyayensa. Amsar tana cikin layin tantance 'yan fansho, inda tsofaffi ke yini a rana domin su tabbatar wa gwamnati cewa ba su mutu ba. Tana cikin giratutin da ake bin jihohi shekara da shekaru. An yi dokar gyaran fansho a 2004, aka sake ta a 2014, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki kashi 10, amma jihohi da dama ko dai ba su shiga tsarin sosai ba ko suna cire kuɗin ba sa zubawa. Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora wa aikin tsabtace harkar fansho, shi ne Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke wa ɗaurin shekara takwas a Nuwamban 2021 a kan halatta kuɗin haram fiye da naira biliyan biyu, bayan an kamo shi daga Nijar inda ya tsere. A Zamfara kuwa, sai da wasiƙar tsohon gwamna Abdulaziz Yari ta neman alawus ɗinsa na naira miliyan goma a wata ta fito fili a 2019, sannan majalisar jihar ta soke dokar fanshon tsofaffin gwamnoni. Malesiya, wadda ta samu 'yancin kai a 1957, shekara uku kacal kafin mu, tana da asusun ajiyar ma'aikata tun 1951, kuma ma'aikaci yana iya duba abin da ya tara a wayarsa.

A yi lissafi kaɗan. Tun da aka saki naira ga kasuwa a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. A wannan farashi, ajiyar dala 150,000 ta hawa mafi ƙanƙanta na MM2H ta kai naira miliyan 225, ban da kuɗin gida. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 zai yi fiye da shekara 260 yana tarawa, ba ci ba sha. Ke nan ƙofar da ake magana a kanta ba ta malamin makaranta ba ce, ba ta ma'aikaciyar jinya ba ce. Ban da 'yan kasuwa da ƙwararrun da suka tara halal ɗinsu, waɗanda za su iya shigarta cikin sauƙi su ne irin mutanen da suka sa tsufa a gida ya zama abin tsoro. Su ba a tsayar da su a kanta, domin takardunsu a cike suke. Wanda aka ci haƙƙinsa shi ne ke rawar murya a gaban jami'i, shi ne kuma ejan ke yi wa tallan gajeriyar hanya. Ɗan Malesiya yana shiga ƙasashe sama da 170 ba tare da neman biza tun daga gida ba, ɗan Najeriya ba su kai 50 ba. Darajar fasfo a gida ake gina ta, da yadda ƙasa take riƙe mutanenta da yadda take hukunta ɓarayinta.

Don haka kiranmu ya kasu uku. Ga Ofishin Jakadancin Najeriya a Kuala Lumpur da hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare, muna neman lambar gaggawa da ake ɗagawa dare da rana domin wanda aka tsare a filin jirgi, da bayani a rubuce cikin Hausa da sauran harsunanmu kan sharuɗɗan shiga ƙasar nan. Mutanen da ke aika wa gida kusan dala biliyan 20 a shekara, waɗanda Majalisar Tarayya ta ƙi ba su damar zaɓe daga ƙetare a 2022, sun cancanci aƙalla a ɗaga musu waya. Ga membobinmu, na Najeriya da 'yan uwanmu na Nijar da Gana, kada wani ya sa hannu a wasiƙar gayyatar wanda bai san dalilin zuwansa ba, kada kuma kunyar babba ta hana a gaya masa cewa kuɗinsa ba su kai ba, ko cewa shirin da ejan ya kawo masa hanyar ɗakin tsarewa ce. Ga dukanmu kuma, idan masu neman kujera suka fara zagayowa da alkawura, mu sa batun fansho da giratuti da asibitin tsofaffi cikin abin da za mu tambaye su, da adadi da rana, kamar yadda ake tambayar iyayenmu a Sepang. Akasarinmu gida za mu koma da digirorin nan, a can za mu yi aiki, a can kuma za mu tsufa.

Allah Ya kawo iyayenmu lafiya, Ya mayar da su lafiya.